Daminar da Muka Dafa Dalma a Tsakar Gida

Bana ruwa ya yi nawa. Hadari yakan haɗu ta gabas bayan la'asar, ya yi baƙi ƙirin har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, a kwana cikin zufa. Shekaranjiya ina tsince wake a tsakar gidanmu na haya a Sabon Gari, na ji wani mai amalanke yana wucewa yana kira: "Tsohon batir! A kawo tsohon batir!" Yanzu da gidaje da yawa a Maraɗi suka ɗora farantin sola a kan rufi, matattun batura sun yi yawa, masu sayensu ma haka. Maƙwabciyata ta fito da nata tana murna. Ni kuwa na ture faifai gefe. Na yafa mayafi na bi ta har ƙofa, na tambayi mutumin inda ake kai su. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan surukarsa, ya ja amalankensa ya yi gaba. Tun daga nan zuciyata ta koma Tsibiri, ga wata damina shekara goma sha huɗu da suka wuce, wadda ita ma da irin wannan rowar ruwa ta fara.

Lokacin shekarata ashirin da ɗaya. Mu huɗu ne a gidan: ni, da maigidana Isuhu, wanda har yau ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, da uwarsa Inna, da ɗiyarmu mai shekara biyu da rabi. Sunanta na yanka Nafisa, amma a bakina Larai ce, don ranar Laraba aka haife ta. Ɗiyar fari ce, kuma kowa ya san dokar ɗan fari a wurinmu. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Larai ta Inna ce, a ɗakinta take kwana, a cinyarta take cin tuwo. Ni kuma na riƙe kunyar nan da hannu biyu har ina taƙama da ita. Inna takan ce wa maƙwabta, "Hasiya akwai kunya, ko yarinyar ga ta hwaɗi gabanta ba ta ko ɗaga ido." In na ji haka kaina ya yi girma.

Hatsin bara bai yi kirki ba, rumbu ya nuna gindinsa tun bazara ba ta yi nisa ba. Ruwan farko da ya sauka, gari duka ya fita gona. Maza suna sara, mu muna bin su muna zuba iri muna rufewa da diddige, ƙasa tana ƙamshin nan da ke sa mai jin yunwa ya manta da cikinsa. Hatsi ya tsiro kore shar. Daga nan sama ta rufe bakinta kwana ashirin da wani abu. Muna kallo shukar ta lanƙwashe, ta yi ja, iska ta binne ta da rairayi. Irin da muka ɓoye don sake shuka shi ne muka riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan don kunun yarinya. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da rana sai garin rogo, ko ɗan ganyen da muka samo a bakin gulbi mu dafa mu kwaɗa da ƙuliƙuli ɗaya, kowa ya sha ruwa ya ce alhamdulillahi.

Ana cikin haka Alhaji Tanimu ya aiko a kira Isuhu Maraɗi. Babban ɗan kasuwa ne mai manyan motoci, mahaifin Isuhu ya yi masa dako shekara da shekaru, saboda haka ubangidan gidanmu ne tun kafin in zo. Isuhu ya dawo da yamma a kan kabu-kabu, da buhun hatsi ɗaure a baya. Na rantse sai da na yi guɗa. Ya ce Alhaji ya ba shi aiki. Za a riƙa kawo tsofaffin baturan motoci, ya fasa su, ya ciro dalmar da ke ciki ya narka, mota ta zo ta kwashe. A cikin birni maƙwabta sun yi ƙorafin hayaƙi, shi ya sa Alhaji ya ga gara a kawo ƙauye inda akwai fili. Wannan maganar ta ƙorafin hayaƙi ta shiga kunnena ta fita ta ɗayan, don idona yana kan buhu.

Aka kafa murhu a bayan ɗakin Inna, taku goma daga madafina. Da safe Isuhu ya sa gatari ya fasa batir, ya tuttular da ruwan cikin a gindin katanga, ƙasa ta yi ta tafasa tana kumfa. Ruwan nan ya cinye masa wando biyu, muka yi ta dariya. Sai ya zuba faranta masu toka-toka cikin rabin duro, ya hura gawayi da zugazugin da ya aro wurin maƙera. In ta narke ya ɗebo da ludayin ƙarfe ya zuba a ramukan da ya haƙa cikin rairayi, ta daskare tana ƙyalli. Hayaƙin ba baƙi ba ne, fari-fari ne, kuma yana barin wani ɗan zaƙi-zaƙi a harshe kamar ka tsotsi makulli. Ƙurarsa tana sauka a kan komai: murfin randa, kuɓewar da na shanya, tabarmar salla, tufafin da ke kan igiya. Kullum in share in tara a gefe, gobe ta dawo.

Mu da ba mu zubar da komai, kwankunan batir ɗin ma sai da muka sama musu aiki. Ɗaya ya zama wurin shan ruwan awaki, ɗaya na kaji, biyu kuma kujeru. Larai ta sami abin wasa. Ɗigon dalmar da ya fallatsa ya daskare a ƙasa shi take tsincewa, ta tara a murfin kwano ta ce kuɗinta ne. Na sha ganin ta sa a baki. Inna tana zaune, ni kuwa ba ni da bakin tsawata wa ɗiyar fari a gaban kakarta, sai in kawar da kai in ci gaba da daka.

Ruwa ya dawo, muka sake shuka, aka yi noman farko da gayya. Azumi ya kama a tsakiyar damina, lokacin da rana in ta fito bayan ruwa take dafa mutum kamar dambu a madambaci. Isuhu yana gona da safe, yana gaban wuta da rana, da ƙishirwar azumi a maƙogwaro. Maƙwabta suna buɗa baki da ruwan tsamiya, mu muna da hura har da nono. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan fifikon, har nakan aika wa na kusa da ɗan saura.

Kaji ne suka fara. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa tsayawa da fuka-fuki a sake, su yi zawo kore, da safe a tarar da su a sandare. Muka ce annobar kaji ce, ko da yake na gidan da ke jikin katangarmu lafiyarsu lau. Bayan su jar akuyar Inna ta makance da idonta a buɗe. Ta riƙa zagaya turke tana cizon haƙora tana kumfa, tana kai wa bango karo. Inna ta tsaya a kanta ta ce, "Wannan ba ciwo ba ne, baki ne. An ga muna cin tuwo." Aka yanka ta da sauri kafin ta yi mushe, muka ci naman.

Shi ma maigidan ya sake. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya koma faɗa a kan cokali. Ciki yana murɗa masa har ya durƙusa a bayan rumbu, ya yi kwana huɗu bai zaga ba, kansa yana sara. Ludayin ƙarfen ya fara kuɓuce masa daga hannun dama. Duk muka ɗora wa azumi.

Larai kuwa a hankali ta dushe. Yarinyar da ke bin Inna da surutu, "Inna ruwa, Inna akuya, Inna tashi," ta koma shiru. Ta ƙi kunu, in an matsa mata ta amayar. Ta riƙa kuka mai tsini ba dalili, tana kama ciki. Tafiyarta ta zama ta ɗan maye, ta yi taku uku ta zauna daɓas. Na ga duk wannan. Ni ce na fara gani, tun kafin kowa, don uwa tana kallo ko da ta gefen ido ne. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakin Inna da niyyar in ce a kai ta likita, sau uku kunya tana mayar da ni madafi. Me za a ce? Hasiya ta zubar da mutunci a kan ɗiyar fari? Inna ta yi nata ƙoƙarin, ta karɓo rubutu, ta yi hayaƙi, ta ƙara mata kwalli a ido don maganin baki. Isuhu ya sayo maganin masassara a wurin mai tebur har sau biyu. Kwana goma sha biyu muka ɓata a haka. Na yafe wa mutane da yawa a wannan zance, amma kwanakin nan ban yafe wa kaina su ba.

Ranar ashirin ga azumi, da hantsi, ina wanke-wanke na ji Inna ta yi salati da wata irin murya. Larai tana ƙasa ta sandare, ido ya juye sai fari, hannu da ƙafa suna fizga, kumfa a baki. Ban san lokacin da na ture Inna ba. Na sure ta na fita titi ba mayafi ba takalmi, ina kiran sunanta na yanka da ƙarfi, sunan da ban taɓa furtawa ba, duk unguwa na ji. Wani mai kabu-kabu ya ɗauke mu bai ko tambayi inda za mu ba.

A gidan likita na Tsibiri aka yi mata allura fizgar ta tsaya. Aka gwada jini, ba masassarar sauro ba ce. Babban ma'aikacin wurin, wanda ake kira majo, wani dattijo ne mai furfura da tabarau. Ya daɗe yana duba ta, sannan ya juyo gare ni.

"Wane aiki mijinki ka yi?"

"Noma."

"Noma kaɗai?"

Alhaji ya riga ya gargaɗe mu kada a yi ta yaɗa zancen. Daidai nan Isuhu ya shigo yana haki, da tufafin aiki a jikinsa. Majo ya dubi ramukan da ke wandonsa, ya ce ya buɗe baki, ya ɗaga masa leɓe ya duba dasashi. Ya ce ya miƙa hannu biyu. Na dama ya lanƙwashe daga wuyan hannu kamar ganyen da ya sha rana.

"Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Batir kaka hwasawa?"

Isuhu ya ce e.

"Cikin gida? Inda ɗiyar ga ka wasa?"

Ya sake cewa e, a hankali.

Majo ya cire tabarau ya goge fuska. Ya ce dalma guba ce da ba ta da gaggawa. Tana shiga ta numfashi da ta baki, ta zauna a jini da ƙashi. Babba takan kama masa ciki da jijiya da ƙoda, mai ciki takan ɓarar mata ko ta taɓa abin da ke cikin, amma yaro ƙarami kai take nufa, kuma abin da ta ɓata a kan yaro ba kasafai yake dawowa ba. Ya ce kada Larai ta sake kwana a gidan nan, kada Isuhu ya ɗauke ta da tufafin aiki, a daina sa mata kwallin nan ma don wani kwallin da dalma a cikinsa. Akwai maganin da ke jawo gubar daga jini, amma ba a nan ba, ba kuma a kyauta ba, sai an kai ta Yamai an auna jinin an kwantar da ita makonni. "In ta sake irin wannan hizga," in ji shi, "ban ɗaukar muku alkawarin komi." Ya rubuta takarda ya buga hatimi ya ba ni a hannuna, ya ce in riƙe ta kamar raina.

Bayan kwana uku aka sallame mu, na wuce da ita Jiratawa gidan iyayena. Iya, mahaifiyata, tana da ɗan lambun zogale a bakin fadama, ta riƙa dafa mata tana ɗura mata da nonon akuya. Isuhu ya kashe wuta ya tafi wurin Alhaji. Ya wuni a ƙofar gida kafin a ce ya shigo. Alhaji ya saurare shi, ya ce Allah ya ba ta lafiya, ciwon yara na damina ne, likitoci kuma ba su rasa abin faɗa. Ya ba shi rabin buhun shinkafa. Washegari da sassafe sai ga mota a Tsibiri da ma'aikata huɗu, wai Alhaji ya aiko a taimaka a gyara gida. Suka kwashe duro da kwankuna da dalma da toka, suka zuba sabon rairayi fari tas a kan wurin. Inna har addu'a ta yi musu. Ni na zo ɗaukar kayan yarinya na tarar suna gamawa. Jikina ya ba ni wani abu, na faki ido na tone gindin katanga, na cika ƙaramar kwallata ta aure da baƙar ƙasar na rufe.

Majo ne ya kwatanta mana wata mata a Maraɗi, mai ilimin shari'a, da ke zama a ofishin wata ƙungiya tana sauraren talakawa ba da ko sisi ba. Madam ake ce mata. Na je ni kaɗai ranar ashirin da bakwai ga azumi, da takardar majo a ƙugu da kwalla a cikin buhu, an yi ruwa da safe titunan duk caɓi. Ta karanta takardar ta ce wannan ta yi kyau. Na buɗe kwalla, ta ja kujera baya ta ce in rufe maza, kada in sake ajiye ta inda ake kwana.

"Wa ya ga lokacin da kinka ɗebo ta?"

"Allah."

"Shi kam ya gani. Amma alƙali zai ce ƙasa ce, ko'ina ana samun ƙasa. Da kun zo kahin motar nan, da mun aika ma'aikacin jastis, wato kotu, ya gani da idonshi ya rubuta, a ɗebi ƙasar gabanshi. Alhajinku ya san haka, shi ya sa ya riga ku."

Na ji kamar in fasa kwallar a ƙasa. Na tambaye ta ko shi ke nan. Ta ce a'a. Ana iya zuwa wurin mai gari a nemi sulhu, amma sulhu sai wanda ya yarda ya yi ɓarna, shi kuwa ya ce ciwon damina ne. Ana iya zuwa ofishin masu duba haƙƙin ma'aikata, tun da a aikinsa mijina ya kamu, amma ba takarda tsakaninsu, za a daɗe ana jan zance, Larai kuma ba ta da wannan lokacin. Abin da ke sa babban mutum ya tashi tsaye shi ne a kai ƙara wurin jandarma, zance ya tafi jastis, a nemi ya ɗauki nauyin magani da kwashe ƙasar gidan da diyyar abin da aka ɓata. Ta ce kuma kada a yi sanyi, don ƙara ma tana da wa'adinta.

"To mu tahi yanzu," na ce.

"Zauna tukuna, Hasiya. Mi ya haɗa Alhaji da wutar nan? Ba takarda, ba batir, ba toka. Shaida guda ya rage, mijinki. Shi ka iya hwaɗin ranar da mota ta zo, da sunan direba, da wanda ya aiko. Amma ki sani, bakin da zai kama Alhaji shi zai hwara kama kanshi. Shi ya hura wutar, cikin gidanshi, kusa ga ɗiyarshi. Ana iya tsare shi. Kwana nawa, ban sani ba."

Na fito daga ofishin. Gaba kura, baya sayaki. Hatsi yana gona yana jiran maimai, in aka rufe Isuhu wa zai yi? Inna tsohuwa, ɗanta ke nan guda. In kuwa na yi shiru, ina zaune ne ina jiran fizga ta biyu. Kuma ina jin haushinsa, wallahi ina ji, duk da na san buhun da ya ɗauko ni na fara yi masa guɗa.

Na same su a Tsibiri bayan la'asar na faɗa musu duka, ban rage ba. Inna ta fashe da kuka. "Ke za ki kai ɗana gidan kaso? Mutumen da ya cishe mu lokacin yunwa shi za ku kai ƙara? Ina kunyar taki ta tahi?"

"Inna, kunyar nan ita ta kai mu nan," na ce. Karo na farko ke nan da na mayar mata da magana. "Gobe ina tahiya, ko da ni ɗaya."

 Isuhu yana zaune a kan turmi yana murza hannun damansa da na hagu, idonsa a kan farin rairayin nan. Aka kira magariba, na miƙa masa hura, ya karɓa ya ajiye bai sha ba.

Da safe na fito da mayafina da takardata, ina shirin tafiya ni kaɗai. Na tarar da shi a zaure sanye da rigar da ya ɗinka don salla, ya sa hula, ya naɗe bargo a hammata. Ya riga ya je wurin ƙanen babansa ya damƙa masa gona. Bai dube ni ba, ya ce, "Mu tahi kahin rana ta yi."

Jandarman da muka samu yana cin ƙosai, ba ya azumi, ya jawo littafi yana hamma. Ya tambayi abin da ya kawo mu, na miƙa takardar majo. Ya karanta ya ɗago.

"Wa kuka ƙara?"

Na buɗe baki, Isuhu ya riga ni. "Mutum biyu ne. Guda shina Sabon Gari, shina da motoci. Gudan kuma ga shi gabanka."

Jandarman ya ajiye ƙosai. Ya dube shi, ya dubi bargon, ya gyara zama ya fara rubutu.

A tsare ya yi salla. Kwana tara ya yi. Ranar da takardar kira ta isa gidan Alhaji, mutanen da ba su taɓa sanin hanyar Jiratawa ba suka riƙa zuwa gidan Iya da manyan riguna suna ba ni haƙuri, suna cewa a rufa asiri. Na ce su je su gaya wa Madam. Alhaji bai kwana ko ɗaya a tsare ba, kuma wannan yana ci mini rai har gobe. Amma direbansa ya amsa cewa shi ke kawo batura, daga nan ciwon damina ya ƙare. A gaban alƙali ya sa hannu zai ɗauki maganin Larai da na Isuhu, a kuma haƙe ƙasar gidan a fitar da ita bayan gari inda ba gona ba rijiya. Diyyar da Madam ta so mu bi, dangi suka taru a kaina har na gaji na bari. Kwana biyu bayan sa hannun muna cikin motar Yamai, Larai a cinyata, ina kiranta Nafisa kowa yana ji.

Ta rayu. Idan ruwa ya zube ya bar tulu, an gode Allah. Sai dai tulun ya tsage. Magana ta dawo mata a hankali, amma kunnen hagu ya tafi, na dama ma sai an ɗaga murya. A lakwal, makarantar boko, ta yi aji uku, ta maimaita, ta sake maimaitawa, malamin ya ce mu bar wahalar da ita. Ƙannenta biyu da aka haifa bayan mun dawo Maraɗi sun wuce ta tuni. Tana da hannun kitso, tana da haƙuri, in ta yi dariya duk gidan sai ya yi. Hannun Isuhu bai koma daidai ba, ya bar noma, yana awon hatsi a kasuwa. Inna ta rasu muna shiri da ita, ita ce ma ta riƙa yi mini tsiya wai na fi kowa rashin kunya a Gobir.

Shekara da shekaru ba mu gaya wa Nafisa abin da ya faru ba. Mun ce ciwo ta yi tana ƙarama. Bara da kaka, ranar da ƙanwarta ta kawo sakamakon jarrabawa ana ta murna, ta bari sai da hayaniya ta lafa, ta je ta zauna kusa da babanta a kan tabarma. Ina madafi ina jin su.

"Baba, ni mi ya sa kaina ba ya riƙe karatu? Haka Allah ya yi ni?"

Na saki muciya. Na so in shiga tsakani. Sai na ji ya ce, "A'a, Nana. Lahiya lau anka haihe ki. Ni na hura wata wuta cikin gida, ita ta taɓa ki. Ni ne."

Ta ce, "Na'am?"

A gefen hagunta yake zaune. Sai da ya tashi, ya zagaya ta ɗaya gefen, ya durƙusa daidai kunnenta, ya sake faɗa tun daga farko.